Idan abokinku mawaƙin hip hop ya rasu, ga yadda za ku tattara waƙoƙinshi da haƙƙinshi kafin su salwanta

Duk mai bin waƙar hip hop ta Hausa ya san Lil Ameer, yaron Kano da ya rasu a hatsarin mota cikin watan Satumba 2017 yana ɗan shekara 14 kacal, Allah ya jiƙanshi ya kyauta makwanci. Kafin shi akwai Dagrin a Legas, wanda ya yi hatsari a watan Afrilu 2010 ya cika bayan kwana takwas a asibiti, sai Mohbad da ya rasu ran 12 ga Satumba 2023 yana da shekara 27. Waɗannan dai duniya ta san su, suna da masu bibiya, jaridu sun yi rubutu a kansu. To amma yaranmu na nan Gusau da Ƙaura da Mafara da Tsafe fa, waɗanda sunka yi waƙa goma ko ashirin a ƙaramin situdiyo na bayan shago sannan Allah ya karɓi abunshi? Su kam sai ka ga sati guda ana ta sa hotonsu a sitatus ana Allah ya jiƙan rai, bayan wata shida ka nemi waƙa guda mai kyawun sauti ka rasa, layinshi an ba wani, furodusa ya yi fomatin kwamfuta, iyayenshi kuma ko sisi ba su gani ba. Wanga rubutu na abokan mamaci ne da ƙannenshi, don ku ne kunka san inda kayan suke, iyaye galibi ba su sani ba.

Abu na farko shi ne waya, kuma tun ranar da anka yi jana'iza. Ba ina nufin ku bar zaman makoki ku hau bincike ba, a'a, kawai mutum guda mai amana ya tabbatar wayar mamacin ta shiga hannun babanshi ko yayanshi, a kashe ta a aje a ɗaki. Gidan rasuwa cike yake da jama'a, kowa na shiga yana fita, waya na ɓacewa a irin wannan rana ba wuya. Kada kowa ya zauna yana gwada fasawod yana ƙara gwadawa, wasu wayoyin in anka yi kuskure da yawa sai su kulle gaba ɗaya, wasu ma an saita su su goge komai. Kuma don Allah kada a kai ta wurin masu gyara a ce a yi mata filashin, filashin gogewa ne, duk abun da ya rera cikin dare ya aje a rikoda, duk baitocin da ya rubuta a not, sun tafi kenan. In akwai memori a ciki ku cire shi ku kwafe a kwamfuta, shi ba ruwanshi da fasawod mafi yawan lokaci.

Layin wayar ya ma fi wayar kanta muhimmanci, mutane ba su cika lura da wannan ba. Da layin ne ake karɓar kod na imel da Facebook da banki da komai, kuma kamfanonin waya in layi ya daɗe ba a aiki da shi karɓewa suke su sayar ma wani. Saboda haka a sa shi a ƙaramar waya, a riƙa sa mai kati ko na ɗari biyu ne, a yi kira da shi lokaci lokaci. WhatsApp shi ma in ya kai kamar kwana 120 ba a hau ba suna goge asusun, Google kuma tun ƙarshen 2023 sunka fara aiki da dokar cewa asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba suna iya share shi, to kun ga akwai lokaci amma ba mai yawa ba ne.

Magana da iyaye

Nan ne aikin yake, kuma nan ne abokai ke ɓata lamari saboda gaggawa. Ku bari a yi sadakar uku, in son samu ne ma har a share makoki baƙi su ragu, sannan ku je ku biyu ko uku, da shigar mutunci, ba da askin nan da sarƙa a wuya ba. Ku durƙusa ku gaida mahaifinshi ku ƙara yi mai ta'aziyya, sannan babbanku ya ce, Baba mun zo ne kan kayan aikin marigayi da ke hannun mutane, akwai waƙoƙi a situdiyo akwai kuma asusu da ƙila kuɗi ke shiga, mun ga bai kamata mu taɓa komai ba sai da izininka. Wannan kalma ta izini ita ke buɗe ƙofa. Ita kuma mahaifiya, ku samu ƙanwarta ko babbar ɗiyarta ta shiga da ku, ku ce Inna sai haƙuri, kada ku kunna mata muryarshi sai in ita ta nema, na ga uwar da anka kunna ma waƙar ɗanta a tsakar gida don a faranta mata, ta aje ƙwaryar da ke hannunta ta shige ɗaka ba ta ƙara fitowa ba har magariba.

Ku shirya jin wannan amsa: a goge su duka, kada su zame mai nauyi a kabari. A Zamfara wannan ba baƙuwar magana ba ce, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, kuma iyaye da yawa dama tun yana raye ba son waƙar suke ba. Kada ku yi musu gardama, kada ku ce ai zamani ne. Tsoron da suke ji ma ɗansu na gaskiya ne, kuma malamai sun yi maganganu mabambanta kan kiɗa da waƙa, ba ku ne za ku yanke hukunci a zaure ba. Abun da ni nake ganin ya fi shi ne ku roƙi abu guda, a raba saukewa da gogewa. Saukewa daga intanet ana iya yi yau, in anka canza shawara a mayar gobe, amma in anka goge asalin fayil ɗin to har abada. Ku ce Baba za mu sauke duk wadda ba ka yarda da ita ba, amma a bar kwafi guda a hannunka a kulle, kai ke da iko da shi. Sau da yawa in zafin rasuwar ya lafa sai ka ji uban da kanshi yana tambaya wai akwai wadda ya yi kan zaman lafiya ko, a kunna min in ji.

Kuma ku ma ku yi ma abokinku adalci ku tace. Waƙar da ya zagi wani a ciki lokacin da suke rigima da wani mawaƙi, waƙar batsa, bidiyon da yake riƙe da kwalba yana layi, waɗannan ku sauke su ko ba a ce ku sauke ba, wallahi da zai dawo shi da kanshi zai fara cire su. Wadda ya yi ma mahaifiyarshi, wadda ya yi kan 'yan gudun hijira da ƙauyukan da 'yan bindiga sunka tasa, wadda ya yi kan shaye-shaye ko karatu, su ne za ku kai gaban iyaye da malamin gidan ku ce a duba. In bayan duk wannan sunka ce a'a a goge, to ɗansu ne, ku bi, haƙƙinsu ya fi naku.

Farautar waƙoƙin

In kun samu izini sai ku fara da situdiyo, kuma ku yi sauri don furodusoshinmu kwamfuta guda gare su, in ta cika gogewa suke su samu wuri. Abun da za ku nema ba MP3 ɗin da ya tura ma mutane ba ne, shi an matse shi sautin ya ragu, ku ce a ba ku WAV, wato asalin sautin da ba a matse ba, sannan a ba ku muryar daban kiɗan daban, in da hali ma a kwafe muku fayil ɗin aikin gaba ɗaya yadda yake a FL Studio ko Cubase ko duk manhajar da yake aiki da ita. Amfanin murya daban shi ne ko bayan shekara goma ana iya sake gyara waƙar, kuma in iyaye sunka ce kiɗan ne ba su so, ana iya fitar da muryar zalla. Ku tambayi furodusan kai tsaye, nawa kake bin shi? Kusan ba mawaƙin da zai mutu ba a bin shi kuɗin situdiyo, ku rubuta adadin a gaban shaida ku kai ma iyaye, ko ya yafe ko a biya shi, bashi ne a kan mamaci ba abun wasa ba. Wani furodusan zai riƙe fayil ya ce sai an biya, kada ku yi faɗa da shi, ku tafi da wani babba da yake jin nauyi.

Daga nan sai wayoyin abokai. Ku buɗe guruf guda ku ce duk mai wani abu na marigayi ya turo, amma a turo shi a matsayin dokumen don kada WhatsApp ya rage mai inganci. Za ku sha mamakin abun da zai fito, firistayil, wato waƙar da ya rera da ka nan take, a bakin shagon mai shayi, bidiyon wasan da ya yi a bikin kammala karatu a Poli ta Ƙaura ko jami'ar tarayya ta Gusau, saƙon murya da ya tura ma wani da asuba yana gwada amshi. Kada ku manta da masu tura waƙoƙi na kasuwa da tasha, waɗannan bayin Allah kwamfutocinsu cike suke da abubuwan da ba su taɓa hawa intanet ba. Ku tuna lokacin da anka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba 2021, makonni ba sabis, waƙoƙin da yara sunka yi a lokacin ta Xender da bulutut da memori sunka yawata daga hannu zuwa hannu, to irin waɗannan sai a wurin masu turi. In ya taɓa yin hira a gidan rediyo, kamar Pride FM ko rediyon jiha, ku je ku roƙa da takarda, wani lokacin ana dacewa.

Kowace waƙa ku rubuta mata suna, shekarar da anka yi ta, situdiyon, wanda ya yi kiɗan, da duk wanda ya sa murya a ciki. Wannan rubutun da kuke gani kamar ɓata lokaci shi ne zai raba gardama gobe.

Asusun intanet da maganar kuɗi

Facebook da Instagram suna da tsarin mayar da shafin mamaci na tunawa in anka kai musu shaidar rasuwa, abu ne mai kyau don yana hana ɓarayi kwace shafin su riƙa damfarar mutane da sunanshi, amma ku sani da zarar an mayar ba mai iya shiga kuma, don haka ku fara kwafe hotuna da bidiyo ku aje tukuna. YouTube da Audiomack kuma ku duba ko an kunna musu biyan kuɗi, da wane asusun banki anka haɗa. In yana ɗora waƙa a Spotify da Boomplay da Apple Music to ta hannun wani kamfanin rarrabawa yake yi, ku binciko wanne ne a imel ɗinshi. Wannan na da muhimmanci don irin su DistroKid kuɗin shekara ake biya, in katin banki ya daina aiki ba a sabunta ba sai su sauke waƙoƙin, sai dai in an biya wani kuɗi na daban da suke karɓa sau guda don waƙa ta zauna dindindin.

Mutuwa na ƙara ma waƙa kasuwa, abun ba daɗin faɗi amma haka yake. Mawaƙin nan Pop Smoke da anka kashe a Amurka a watan Fabrairu 2020 yana ɗan shekara 20, kundinshi na farko bayan rasuwarshi ya fito a watan Yuli kuma ya hau na ɗaya a Billboard, jadawalin waƙoƙin da sunka fi kasuwa a Amurka. Namu ba za su kai can ba amma ko a nan za ku ga masu saurare sun ninka cikin sati guda, kuma a nan ne wasu marasa tsoron Allah ke kwafe waƙoƙin su ɗora a tashoshinsu da hoton mamaci suna cin kuɗin talla. Ku fara yi musu magana ta lalama, in sunka ƙi YouTube na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, magaji ko wakilinshi na iya cikewa a sauke. Doka na bayanku, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce baitoci da karin waƙa suna da kariya har shekara 70 bayan mutuwar mai su, sautin da anka ɗauka kuma shekara 50 daga lokacin da anka fara fitar da shi, kuma akwai hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa da ake kai ƙara.

To duk kuɗin da ya shigo, ko naira dubu biyar ne, gado ne. Ba na manaja ba ne ba na babban aboki ba ne, ba kuma na guruf ba. Kada wanda ya san fin ɗin katin bankinshi ya ce bari in cire in yi mai sadaka, niyya mai kyau ce amma dukiyar magada ce ka taɓa. Tsarin a Musulunci sananne ne, a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya in akwai matuƙar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba. Saurayin da bai yi aure ba ya bar uwa da uba da 'yan'uwa biyu ko fiye, uwa na da sudusi sauran na uba, amma ku bar ma malami ko alƙalin kotun shari'a wannan lissafin. Banki kuma ba za su saki kuɗi da baki ba, za su nemi takardar shaidar mutuwa, ta asibiti da ta hukumar ƙidaya ta ƙasa, da takardar kotu da ta nuna wanda zai kula da dukiyar. In ya taɓa sa hannu a kwantiragi da wani kamfani ko manaja ku nemo takardar ku kai ma lauya ya karanta kafin kowa ya ƙara sa hannu a wani abu. Mohbad ya bar kamfanin Marlian Records a 2022 cikin rashin jituwa kuma maganar haƙƙin waƙoƙinshi na cikin abubuwan da anka yi ta jayayya a kai, to in mai suna irin nashi ya shiga wannan, ina ga yaron da ya sa hannu a takarda a bayan mota bai karanta ba.

Rubuta tarihinshi

Yau muna sauraren Ɗanƙwairo na Bakura da ya rasu tun 1991, muna sauraren Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, mun san garuruwansu da iyayen gidansu, ba don komai ba sai don gidajen rediyo sun ɗauka kuma masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bi su sun rubuta. Yaran hip hop ba mai bin su da biro, in ba ku rubuta ba ba mai rubutawa. Shafi biyu ma ya isa. Cikakken suna da sunan waƙa, ranar haihuwa daga takarda ba daga ƙwaƙwalwar aboki ba, unguwa, firamare da islamiyya da sakandare, wa ya fara kai shi situdiyo, da wane kuɗi ya biya waƙar farko, sana'ar da yake yi da rana, don da yawansu tela ne ko mai gyaran waya ko ɗan acaba ne, waƙa da dare. Ku zauna da yayarshi ku ji yadda yake a gida, nan ne za ku ji abun da ba a gani a Instagram. Kada ku ƙara mai abun da bai yi ba, in wasa uku ya taɓa yi ku ce uku, kada a ce ya zagaye Arewa.

Sanadin rasuwa kuma a yi hattara. Ku rubuta abun da iyali da likita sunka tabbatar kawai. Ban da an ce jifa ne, ban da an ce wane ne ya sa mai hannu, irin wannan magana ta sha haɗa gidaje faɗa kuma tana iya kai mutum kotu. In hatsari ne a hanyar Funtuwa ko ta Sakkwato yana dawowa daga wasa da dare a faɗa, ƙila wani ya ji ya fasa tafiyar dare. In kuwa ƙwaya ce, to nan sai da yardar iyaye, don tabon a kansu yake zama. Ni dai ra'ayina in sun yarda a faɗa cikin mutunci, saboda mun san abun da kodin da tiramol sunka yi ma samarinmu, gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun watan Mayu 2018 amma har yau ana samu, kuma Juice WRLD, mawaƙin Amurka da yaranmu ke kwaikwayo, abun da ya kashe shi kenan a watan Disamba 2019 yana da shekara 21, kodin da wani maganin kashe zafi mai ƙarfi. Hoton gawa ko na wurin hatsari kuwa kada ya shiga ko'ina, wanda ya ɗora ku kira shi ku roƙe shi ya cire.

Waƙoƙin da bai saki ba, kada ku yi rige-rigen sakinsu cikin satin rasuwa don a samu masu kallo. Ku jira, ku nemi izini, ku saki waɗanda ya gama kawai. Wadda ya yi baiti guda ya bari, in za a ƙarasa ta a faɗa ma mutane gaskiya cewa wane ne ya ƙarasa, kuma ban yarda da a sa kwamfuta ta kwaikwayi muryarshi ta faɗi abun da bai faɗa ba, wannan ƙarya ce ake yi ma wanda ba ya iya kare kanshi. In za ku yi taron tunawa da shi ku sanar da hukuma da Hisbah tun da wuri, a yi da rana a wuri mai tsaro, kuɗin ƙofa a ƙirga a gaban wakilin iyali a miƙa a ranar.

Ku kuma mawaƙan da ke karanta wannan da ranku da lafiyarku, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu takarda yau ka rubuta imel ɗinka da fasawod, sunan kamfanin da ke rarraba maka waƙa, situdiyon da kayanka suke, wanda kake bi da wanda ke bin ka, da abun da kake so a yi da waƙoƙinka in ta Allah ta kasance, a bari ko a sauke, ka sa a ambulan ka ba Inna ko yayanka. Google na da wurin da za ka zaɓi wanda za a ba bayananka in asusunka ya daɗe shiru, Facebook ma na da wurin naɗa wanda zai kula da shafinka, minti goma ya isa ka saita su. Kuma duk waƙar da kunka yi da wani ku rubuta kason kowa ku sa hannu tun kuna dariya da juna.

Kayan da kunka tara a yi musu kwafi uku, guda a filas ko had dis a hannun iyaye, guda a hannun aboki mai amana da ba gida ɗaya suke ba, guda a Google Drive da imel ɗin wani ɗan gidan mai rai wanda ake hawa kullum. Filas na lalacewa in ya daɗe a aje, ga zafin nan namu ga ƙura, saboda haka duk shekara, ko da bayan ƙaramar salla ne da kowa ke gida, wani ya jona shi a kwamfuta ya buɗe waƙa biyu uku ya tabbatar suna yi, in ya fara gardama a sayi sabo a kwafe tun bai mutu ba.